Aiko Mana da Hannuwan Baba

Kwaciri, Fagge,
Kano.

Zuwa ga Yayana Habeeb,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Sadiat da ɗana Qudus. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a neman da kuka fita yi, ya kare ku daga sanyin Kanada da kake ta ba mu labarinsa kamar mu muka aike ka. Mu nan gida lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Damina ta sauka sosai bana, amma rufin ɗakin Iya da aka gyara bai zubar da ko ɗigo ba. Baba Kehinde, ɗan'uwan marigayi Babanmu, yana nan a Rijiyar Lemo, gwiwar ce dai take damunsa, amma ba ta hana shi zuwa masallaci. Ni ma ina nan ina aikina a shagonmu na Sabon Gari, muna ta haɗa wa 'yan kasuwa tallace-tallace a kwamfuta. Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne saboda na san halinka a waya. Kafin in kai ƙarshen magana ka riga ka ba ni amsa, sannan ka ce lokacin aiki ya yi. Takarda kuwa ba za ka iya katse ta ba.

Maganar idon Iya ce da farko, kuma ba zan sassauta maka ita yadda take sassautawa idan kun yi waya ba. Mun koma asibiti wata ranar Talata, kusan wata biyu ke nan. Likita ya ce hawan jinin idon ya gama da na dama gaba ɗaya, na hagun ma abin da ya rage kaɗan ne. Tana gani ne ta tsakiya kawai, gefe da gefe duhu. Ya ce maganin ɗigawa zai rage saurin abin, amma wanda ya tafi ya tafi, kuma ba zai iya yi mana alkawarin wata nawa suka rage ba. Iya ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar iyalinsa, muka fito. Sai da muka hau adaidaita muka wuce Bata sannan ta ce da ni, ita ba makantar take tsoro ba, Allah da ya ba ta idon shi ne zai karɓa. Abin da yake damunta shi ne fuskar Baba ta fara ɓace mata. Idan ta rufe ido tana tuna muryarsa da tafiyarsa, amma fuskar ba ta tsayawa. Ta ce tana son ta ƙara ganinsa sau ɗaya da idonta, ta adana shi sosai kafin a kashe mata fitila. Yaya, a cikin adaidaitar nan na yi kuka, mai tuƙi yana ta leƙena ta madubi.

Ka san ba mu da hotonsa. Shi da ma ba mai son hoto ba ne, 'yan kaɗan ɗin da ke cikin akwatin Iya kuma ruwan da ya zubo ta rufi shekara biyu da suka wuce ya manne su wuri ɗaya, suka zama kamar kwali. Wayata mai sauran hotunan an zare ta a cunkoson kasuwar Kwari tun kafin nan. Na katin shaidarsa ya dushe, ko ni da nake da ido biyu ba na ganin komai a ciki sai hula. Abin da ya rage mana a duniya shi ne aikin da ka yi shekara tara da suka wuce, lokacin da kake gama makaranta. Ka tuna yadda ka zaunar da shi a tsakar gida kan kujerar roba, kana zagaya shi da kyamara, yana ta mita wai ka hana shi fita kasuwa? Daga hotunan nan ka haɗa fatarsa, ka lulluɓa wa mutum-mutumin da ka gina a kwamfuta. Ranar da za ka tafi ka zuba mini fayilolin fatar a filashi, ka ce in ajiye. Na ajiye. Amma mutum-mutumin kansa ba ka ba ni ba, yana cikin tsohuwar kwamfutarka da ka tafi da ita.

Na ji saƙon muryar da ka turo bayan na roƙe ka shi, na saurare shi har sau uku. Ka ce in bar maganar, ba ka san inda kwamfutar take ba, kuma tun rasuwar Baba ba ka son buɗe aikin nan. Ka ce ganinsa zai tayar wa Iya da tsohon ciwo ne kawai. Ban ga laifinka ba, don ni ma sai da na yi sati filashin yana cikin jakata ban iya saka shi ba. Amma ban bari ba, gara in faɗa maka gaskiya. Akwai wani mutum-mutumi da muke aiki da shi a shago, na zamani, yana ƙifta ido, yana murmushi, yana juya kai. Shi na ɗauko na ce zan sa masa fatar Baba. Kai ka san aikin fiye da ni, amma bari in faɗa yadda na yi wa Iya bayani, don ka ga ƙanwarka ba wasa take ba. Fatar da ka yi a shimfiɗe take, kamar fatar ragon layya da aka baza a rana: fuska a nan, wuya a can, kunnuwa a gefe. Kowane mutum-mutumi yana da taswirarsa da ke nuna masa wane yanki na shimfiɗar zai hau wane wuri a jikinsa. Taswirar naka daban, ta namu daban. Ni kuma na yi rantsuwa ba zan taɓa fatar da ka zana ba, ko ɗigo ɗaya, tunda ita kaɗai ce Baba na gaskiya a cikin aikin. Don haka taswirar sabon jikin nake yankawa, ina jan kowane yanki har ya zauna daidai kan zanenka. Iya ta ce to ashe ɗinki ne, an yanka yadi da awon wani, ana son ya shiga jikin wani. Matar mai sayar da yadi ai ba a yi mata dogon bayani.

Ranar farko da na ɗora fatar ba tare da gyara ba, abin ba ya kalluwa. Leɓen Baba ya sauko haɓa, girarsa ta haye tsakiyar goshi, kunne ɗaya ya koma wuya. Godfrey, abokin aikina wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya leƙo ya kwashe da dariya, sannan da ya ji ko wane ne ya yi ta ba ni haƙuri har ya ba ni tausayi. Tun daga ranar yake taimaka mini. Ya ba ni shawara in sayi fatar dattijo da aka riga aka yi wa wannan jikin, in zana mata bille da tabon sallah, in huta. Na ce masa dattijon wani ba Babana ba ne. Kullum idan mun sallami aikin mutane bayan la'asar sai in zauna a kai, ɗigo bayan ɗigo. Kusurwar ido a kan kusurwar ido, gefen hanci a kan gefen hanci. Ka ja nan, can ya yamutse. Ka gyara baki, sai layin ɗinki ya fito a wuya kamar an ɗaura masa zare. Sau biyu wuta tana ɗaukewa kafin in adana, in dawo in tarar aikin yini ya tafi. Sati uku na yi a kan fuskar nan kaɗai.

Yanzu ga abin da nake jin kunyar faɗa. Tun muna yara mun haddace cewa billen Baba a kuncin hagu yake, na Baba Kehinde a dama, don kakarmu ta sa an yi musu haka tun suna jarirai a Ogbomosho saboda a riƙa bambance tagwayenta. Da na gama jera fuskar, na duba allo sai na ga billen yana ɓangaren damana. Maimakon in tsaya in yi tunani cewa mutumin da ke fuskantarka hagunsa a damarka take, sai na ce ai Yaya Habeeb ne ya yi kuskure, har ina jin daɗin na kama ka. Na juya taswirar fuskar gaba ɗaya, billen ya koma hagun allo, na yi ta yaba wa kaina. Ranar Juma'a na ɗauko kwamfutar na kawo gida, na zaunar da Iya kusa da taga inda haske yake, na buɗe. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allon, tana bin sa da idon hagun nan a hankali daga hula zuwa gemu. Ta daɗe. Sannan ta ja da baya, ta gyara zamanta, ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai, Allah ya yi mini albarka, amma me ya sa na sha wannan wahala a kan Kehinde, mutumin da in tana son ganinsa adaidaita ɗaya za ta hau? Ba da faɗa ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Mace mai rabin ido ta gane cikin minti biyu, ni mai ido biyu na yi kwanaki ina kallon ƙanin ubana ina kiransa Baba. Na ji haushin kaina, na kuma ji tsoro, don na gane ba Iya kaɗai fuskar take ɓace wa ba.

Washegari na tafi Rijiyar Lemo da kwamfutar. Na tarar da Baba Kehinde a ƙofar gida yana shan iska, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa duk abin da ya faru ban rage komai ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce ba ni ce farau ba, ko ranar ɗaurin auren Ramota, wato Iya, sai da wani daga danginta ya kama hannunsa yana yi masa nasiha a kan haƙuri da mace. Na roƙe shi ya zauna mini in gwada tsarin ƙashin fuska da nasa, tunda jikin da muke da shi na wani saurayi ne, kuncinsa a cike, goshinsa a shafe. Ya zauna kusan awa biyu, ina duba shi ina duba allo, ina rage nama a kumatu, ina fito da ƙashin gira. Da na mayar da taswirar yadda ka yi ta tun asali, billen ya koma mazauninsa, sai na juyo masa da allon. Dariyar nan ta ɗauke. Ya ɗaga hannu ya taɓa nasa billen, yana kallon na allon. Can ya ce mini, duk tsawon rayuwarsu idan ya tsaya gaban Musiliu, wato Baba, kamar ya tsaya gaban madubi ne, don billen biyu ɓangare ɗaya suke faɗowa. Ya ce shi ya sa tun ranar da aka kai ɗan'uwansa makwanci, shekara huɗu ke nan, bai ƙara duba madubi ba. Ko wajen wanzami rufe ido yake har a gama. Ka taɓa sanin haka, Yaya? Ni ban sani ba, kuma duk sati sai na je gidan. Ya ce in bar masa allon a buɗe tukuna, na bar masa har aka kira azahar.

Na ƙara sati guda ina gyara abin da ya nuna mini. Ya ce kunnen Baba na dama ya fi ɗagowa saboda biron da yake saƙalewa, kuma murmushinsa daga gefe ɗaya yake farawa. Ranar Lahadi na sake zaunar da Iya kusa da tagar nan. Ta matso kamar wancan karon, ni kuma na danna ya ɗago kai ya ƙifta ido. Yaya, ka san abin da ta yi? Hannu ta kai ta gyara ɗankwalinta, ta ja mayafi kan kafaɗa, yadda take yi idan ta ji sallamarsa daga zaure. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce ga tabon sallarsa nan, ga ɗan farin gashin nan na gefen gemu da take ce masa ya rina yana ƙi. Har ta yi masa tsiya wai hular a karkace take kamar kullum. Ciwon da kake tsoron zai tashi, ni dai ban gan shi ba. Abin da na gani shi ne a ranar ta cinye amalarta tas, abin da rabonta da yi tun kafin azumi.

Sai kuma ta ce in nuna mata hannuwansa. A nan na tsaya, kuma dalilin takardar nan ke nan. Na tsayar da shi ne hannuwa a baya, cikin babbar riga, saboda ban iya yin su ba. A shimfiɗar da ka yi, yatsu goma tsiri-tsiri suke, ka baza su duk inda ka samu fili, wasu a kife, wasu a kwance, babu alamar wane ne na wane hannu. Ga tabon almakashin nan, ga farcen da ya tsage bai ƙara haɗewa ba, ga kantar da sandar awon yadi ta yi masa, duk ina ganinsu, amma ban san a wane yatsa kowanne yake ba. Hannun Baba Kehinde ba zai taimaka ba, shi sitiyari ya riƙe duk rayuwarsa, tabonsa daban. Godfrey ya ce in canka, wa zai gane? Na ce masa na canka sau ɗaya, na ga wadda ta gane. Iya ta ce fuska ai ta kowa ce, duk Kwari sun san fuskar Alhaji, amma hannun nan shekara talatin da takwas tana zuba masa ruwa yana wankewa, ita ta san shi. Ta kuma ce Alhaji bai taɓa tsayawa gabanta yana ɓoye hannu ba.

Abin da nake roƙonka ba mai yawa ba ne. Tsohon mutum-mutumin nan nake so, da taswirarsa, don ita ce za ta nuna mini kowane tsiri inda ya dosa. Ba sai ka kalle shi ba. Na tambayi Anti Sadiat, kada ka yi mata faɗa, ta ce kwamfutar tana cikin baƙar jaka a saman kabad, ƙarƙashin barguna. Idan ba ta tashi ba, ka kai a ciro ma'ajiyarta. Idan ba za ka iya buɗe fayil ɗin ba, ka ba Anti ta turo mini, sunansa dai na tuna, sunan Baba ka sa masa da shekarar. Idan kuma ka ƙi, ka sani ba zan bari ba. Zan zauna da tsirin nan ɗaya bayan ɗaya, ina kai wa Iya tana dubawa, har mu dace. Sai dai hakan zai ci watanni, kuma idon da zan riƙa gwadawa da shi shi ne wanda likita ya ce mu lallaɓa. Kai ka zauna gabansa ka ɗauki hannuwan nan yana mita, kai kaɗai ka san inda ka ajiye kowane yatsa. Na san abin yana maka ciwo, mu ma yana mana. Ka daure, Yaya, ka aiko mana da hannuwan Baba.

Ka gaishe mini da Anti Sadiat ƙwarai, ka ce na gode da sirrin da ta tona. Ka shafa mini kan Qudus, ka faɗa masa in bai koyi Hausa ko Yarabanci ba kafin ku zo, ba ruwana da shi. Baba Kehinde yana gaishe ka, ya ce ka daina turo masa maganin gwiwa mai warin nan, ka turo kanka. Godfrey ma ya ce in gaida ogan da ya yi fatar, wai bai taɓa ganin aiki mai tsabta irinsa ba, amma kada kanka ya kumbura. Na karanta wa Iya takardar nan kafin in rufe, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce tana sa maka albarka, kuma ba za ta matsa maka ba, ka yi yadda zuciyarka za ta iya ɗauka. Ta ce in rubuta maka abu ɗaya kawai: yau da safe ta rufe na dama ta gwada na hagun a kan tafin hannunta, har yanzu tana iya ƙirga yatsu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Kaosarat